Cray-2 ko SX-2, wacce ta fi gudu? An dawo min da teburina

Sadiq_Kawo: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah taimako nake nema. Firojet ɗina na ƙarshe a kan manyan kwamfutocin nan ne masu lissafin jeri da ake kira bekta, su Cray da NEC. A babi na biyu na yi tebur na jero su da gudun lissafin kowacce: Cray-1 megaflop 160, NEC SX-2 gigaflop 1.3, Cray-2 gigaflop 1.9, Earth Simulator teraflop 35.86. A ƙasa na rubuta cewa Cray-2 ta fi SX-2 gudu tunda 1.9 ya fi 1.3. Malamin da ke duba min ya zagaye teburin da jan biro ya rubuta wai ba da mudu ɗaya na auna ba, kuma ya yi tafiya sai sati mai zuwa. Na sake duba lambobin nan sau uku wallahi duk daidai suke. To ina matsalar take?

Injiniya_Bashir: Wa alaikumus salam. Lambobinka daidai ne ƙanina, zaman da ka yi musu ne ba daidai ba. Ukun farko lambar takarda ce, wato iyakar abin da injin zai iya in komai ya tafi yadda ake so, kamfani ne ke lissafa ta ba wanda ya gwada. Ta huɗun kuma sakamakon gwajin LINPACK ne, an kunna injin an ba shi aiki an kama lokaci. In lambar takarda kake so ta Earth Simulator to 40.96 ce ba 35.86 ba. Ka ga tun nan mudu biyu ne.

Sadiq_Kawo: Toh na gane wannan Injiniya, na gode. Amma Cray-2 da SX-2 ai duk ta takarda ce, ke nan can ban yi kuskure ba ko?

Injiniya_Bashir: Can ma da saura. 1.9 ɗin Cray-2 na furosesa huɗu ne aka haɗa, wato sassan da ke yin lissafin, kowanne bai kai megaflop 500 ba. SX-2 kuwa furosesa ɗaya ne tal ke ba da 1.3 ɗin. Dukkansu na 1985 ne. To in shirinka bai iya rabuwa gida huɗu ba, wa kake ganin zai riga gamawa?

Abba_Rigasa: Ni fa duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba, wayar da ke aljihuna ta fi Cray-1 ɗin nan ninkin ba ninki. Kullum muna buɗe wayoyi a shago muna ganin ɗan guntun da bai kai farce ba

Ummi_Malali: @Abba_Rigasa gaskiyarka ta fi ta, ba mai musun wannan. Amma shi ba tambayarsa ke nan ba ai, tambayarsa yaya ake kwatantawa. Kuma ko wayar taka in ka ɗauki lambar da ke jikin talla ka faɗa ramin da ya faɗa.

Baba_Fortran: Sadiq yarona, bari in nuna maka inda 160 ɗin nan ta fito, in ka gane ta ka gane sauran. Agogon Cray-1 yana bugawa sau miliyan 80 a daƙiƙa. Tana da sashen tarawa da sashen ninkawa, kuma akwai dabarar da Seymour Cray, wanda ya tsara ta, ya sa mata, sakamakon ninkawa yana fitowa sai ya zarce kai tsaye cikin sashen tarawa ba sai an jira jerin ya ƙare ba. To bugu ɗaya lissafi biyu, 80 sau 2 ya ba ka 160. Shi ke nan, ba wani gwaji a ciki. Yanzu ɗauki aikin da aka fi yi a duniyar nan: ka ninka jeri da lamba ɗaya ka tara shi a kan wani jerin. Kowace lamba sai an ɗauko biyu daga memori an mayar da ɗaya, zirga-zirga uku ke nan don lissafi biyu. Ita kuma Cray-1 ƙofa ɗaya gare ta zuwa memori, lamba ɗaya ke wucewa a bugu ɗaya. Yi lissafin da kanka, bugu uku lissafi biyu, ba za ta wuce wajen megaflop 53 ba a wannan aikin komai ƙwarewar mai rubuta shirin. Kamar injin niƙa ne mai ƙarfi amma yaro ɗaya ke zuba hatsi shi ne kuma ke kwashe garin, injin yana ta ƙugi cikinsa ba komai. Shi ya sa da aka zo Cray X-MP a 1982 aka ba kowane furosesa hanyar ɗauko biyu da ta mayarwa ɗaya a lokaci guda. Mu da muka koyi yaren rubuta shiri na Fortran da kati mai huda a Zariya ba mu taɓa ganin Cray da ido ba, amma wannan lissafin mun yi shi a allo.

Sadiq_Kawo: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi ban taɓa sanin 160 ɗin ninkawa kawai aka yi ba, na zaci an auna ne.

Zee_KD: Ku yi haƙuri ni sabuwa ce a nan, aji biyu nake. Mene ne bekta ɗin ma tukuna? Kuma flop ɗin nan fa?

Dakta_Hauwa: Zee ƙanwata, flop shi ne lissafi ɗaya a kan lamba mai ɗigo, irin 3.142, tarawa ko ninkawa. Megaflop miliyan ɗaya a daƙiƙa, giga biliyan, tera tiriliyan. Shi kuma bekta, kin taɓa tsayawa wurin da ake zuba dakin? Leburori sun yi layi daga ƙasa har sama ana miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu. Kwanon farko yana daɗewa kafin ya isa sama, amma da zarar layin ya cika to kowane motsi kwano ne ke sauka. Haka injin yake, umarni ɗaya ake ba shi ya yi wa jerin lambobi gaba ɗaya. Cray-1 rajistocinta na jeri, wato ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin furosesa, guda takwas ne kowacce tana ɗaukar lamba 64. In kwano biyar kacal za ki kai sama ba ki buƙatar tara mutum ashirin, kafin layin ya daidaita an gama. Wannan ne ya sa tsawon jeri yake da muhimmanci a gwaji. Roger Hockney har ma'auni ya fitar a kan haka, wato jeri mai tsawon nawa injin ke buƙata kafin ya kai rabin gudunsa. Na Cray gajere ne, na Cyber 205 na kamfanin CDC kuwa dogo ne sosai saboda shi daga memori yake ja kai tsaye ya mayar memori. Sai ki ga a dogon jeri Cyber ya yi fice, a gajere Cray ta bar shi a baya. Wanne ya fi gudu? Sai kin faɗi aikin.

Zee_KD: Na gode Anti, misalin dakin ɗin nan ya zauna min.

Nura_TudunWada: Duk kun manta da namu. Ai Philip Emeagwali ɗan Najeriya shi ya ƙirƙiro babbar kwamfutar ma gaba ɗaya, ya kamata Sadiq ya sa shi a saman teburin

Injiniya_Bashir: Malam Nura a yi a hankali. Abin da ya tabbata shi ne ya samu kyautar Gordon Bell, wadda ake bayarwa kan aiki da manyan kwamfutoci, a 1989, a rukunin gudu gwargwadon kuɗin injin, da aikin lissafin rijiyoyin mai a kan Connection Machine. Abin alfahari ne ba shakka. Amma ba shi ya ƙera injin ba, kamfanin Thinking Machines ne, kuma Cray-1 tana Los Alamos tun 1976. Sannan Connection Machine ba dangin bekta ba ce, ita ƙananan furosesa ne har 65,536 aka tara suna bin umarni ɗaya. In Sadiq ya sa ta a teburin ya ƙaro mudu na uku.

Nura_TudunWada: To ni dai haka na ji ana faɗa tun muna sakandare. Amma na karɓi gyara.

Ummi_Malali: Mu koma kan maganar Sadiq. Ni shawarata ka watsar da lambar takarda gaba ɗaya ka ɗauki LINPACK kawai, tunda shi ake amfani da shi a TOP500, jerin kwamfutoci 500 mafiya gudu a duniya, tun 1993. Gwaji ɗaya, kowa ya shiga, an wuce wurin.

Baba_Fortran: Ummi 'yata, LINPACK ɗin ma ba ɗaya ba ne. Akwai na asali mai teburin lambobi layi 100 da ginshiƙi 100, wanda doka ta hana ka taɓa shirin Fortran ɗin, kompaila, wato manhajar da ke fassara shiri zuwa umarnin inji, ita ce kawai za ta yi abin da za ta iya. Akwai na 1000 wanda aka yarda ka sake rubuta shi yadda ya dace da injinka. Sannan na TOP500 wanda kai ke zaɓar girman matsalar, kowa kuwa cika memori yake da ita don injin ya yi kyau. Inji ɗaya zai ba ka lamba uku mabambanta nesa da juna. A rahoton da Jack Dongarra, ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta LINPACK, ya daɗe yana tarawa ginshiƙi daban-daban aka ware musu saboda haka. In ka ɗauko na 100 na wannan ka haɗa da na 1000 na wancan ka koma gidan jiya.

Ummi_Malali: Haka ne Baba, ban yi la'akari da wannan ba. Amma har yanzu ina ganin ya fi lambar kamfani.

Dakta_Hauwa: Ya fi ta, amma shi ma yana da gefen da yake karkata. In n shi ne yawan layukan teburin, lissafin da ke cikinsa wajen kashi biyu bisa uku ne na n sau n sau n, lambobin da ake ajiyewa kuma n sau n ne kawai. Wato matsalar tana girma lissafi yana rinjayar ɗauko kaya, sai ka ɗauko lamba sau ɗaya ka yi ta juya ta. Yaron Baba mai zuba hatsi ya samu hutu ke nan. Shi ya sa injin da memorinsa ba shi da ƙarfi ma yake haskawa a LINPACK. Na 100 ɗin kuma lambobi 10,000 ne, bayit 80,000, a injin yau duk yana shigewa cikin kash, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke jikin furosesa, bai ma leƙa memori ba.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni. Lokacin ina karatu a Jamus na samu damar gudanar da shirin hasashen yanayi a kan injin NEC. Ranar farko na ɗora shirin ina murna, sakamako ya fito bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da ke takarda ba, har na fara tunanin an ba ni lalataccen sashe ne. Wani abokin aikina ya buɗe rahoton kompaila ya nuna min madaukin ciki, wato sashen shirin da ke ta maimaita kansa, gajere ne, ga kuma wani sharaɗi da na sa a tsakiya da ya hana shi zama jeri. Bayan wannan kuma girman teburin lambobina 512 ne, tsallen da nake yi a memori yana ta faɗawa rumbu ɗaya, shi kuma rumbun sai ya huta kafin ya sake ba da wata. Muka juya madaukan muka mayar da girman 513. Injin bai canza ba, lissafin bai canza ba, amma aikin da ke cin yini ya koma 'yan awoyi. Tun ranar in an ce min inji kaza yana gudu kaza sai na tambaya wa ya rubuta shirin, da wace kompaila.

Sadiq_Kawo: Dakta ƙara ɗaya kawai a kan 512 ya yi wannan?? Ikon Allah

Dakta_Hauwa: Shi da juya madaukan, ba shi kaɗai ba. Memorin waɗannan injinan rumbu-rumbu ne, Cray-1 ma 16 gare ta. In tsallenka ninkin biyu ne irin 16, 64, 512 to ƙofa ɗaya kake ta ƙwanƙwasawa sauran suna zaune.

Abba_Rigasa: To ni na sauke wata manhajar gwaji a wayata yanzu, zagayen farko ta ba da lamba mai kyau, na uku ta faɗi sosai wayar kuma ta yi zafi kamar dutsen guga. Wanne zan ɗauka?

Injiniya_Bashir: Abba ka ga ka shigo muhawarar da ka ce ba ta da amfani. Waya in ta yi zafi rage gudu take don kada ta ƙone, ba fanka gare ta ba. Cray-1 da Freon ake sanyaya ta, Cray-2 kuwa allunanta a nutse suke cikin wani ruwa Fluorinert, don su yi sati suna aiki gudu bai sauka ba. Sannan ka duba manhajar da lamba mai bit nawa take lissafi. Yawancin abin da ake tallatawa a waya na bit 32 ne ko 16, wani ma ba mai ɗigo ba ne sam. Na Cray bit 64 ne.

Baba_Fortran: Wannan maganar ta bit ta tuna min wani tarko Sadiq, ka rubuta shi. A Cray abin da suke kira madaidaicin lamba na talaka, wanda ba a ninka ba, bit 64 ne. A injinan IBM da yawancin sauran kuwa wannan sunan bit 32 yake nufi. Sai ka ga tsohuwar takarda ta rubuta suna ɗaya a ginshiƙi biyu alhali ɗaya ya ɗauki kaya ninki biyu. Kuma tsarin lambar Cray ba IEEE 754 ba ne, wannan ƙa'idar ta ajiye lamba mai ɗigo sai 1985 ta fito. Cray-1 ko umarnin rabawa ba ta da shi, ɗaya bisa lambar take ƙiyastawa sannan ta ninka, shi ya sa wani lokacin lambobin ƙarshe na amsa suke ɗan bambanta da na wani injin. To in kana ƙirga flop, rabawa ɗaya flop nawa ce? Wannan ma sai an yi yarjejeniya.

Musa_Barnawa: Ni tambayata daban ce. In har bekta na da kyau haka me ya sa aka daina su? Duk jerin TOP500 yanzu ba ka ganinsu a sama

Ummi_Malali: Kuɗi ne Malam Musa. Furosesan kasuwa ana buga miliyoyi, araha, sai ka tara dubbai. Na bekta kaɗan ake ƙerawa ga tsadar memorinsu. Amma ka tuna Earth Simulator a Yokohama da furosesa 5,120 ta hau saman jerin a Yunin 2002 ta zauna har Nuwamban 2004 kafin BlueGene/L na IBM ya sauke ta. 35.86 cikin 40.96 ka lissafa, sama da kashi 87 cikin ɗari ne. Kuma an gina ta ne don lissafin yanayi da girgizar ƙasa ba don gasar ba.

Injiniya_Bashir: Har da siyasa a ciki. A 1996 cibiyar binciken yanayi ta NCAR a Amurka ta zaɓi SX-4 na NEC bayan gwaji da shirye-shiryenta, Cray ta kai ƙara cewa an karya farashi, gwamnatin Amurka ta ɗora haraji mai nauyi, cinikin ya rushe. Ka ga wanda ya ci gwaji ba lallai shi ke shiga ɗakin ba.

Dakta_Hauwa: Ni kuma ban yarda an daina ba Malam Musa. NEC ta fitar da SX-Aurora TSUBASA a matsayin kati da ake sokawa cikin saba, jerinsa lamba 256, kuma hukumar yanayi ta Jamus ta ɗauke shi don hasashenta. Fugaku ta Japan da ta hau sama a 2020 furosesanta A64FX yana da umarnin jeri mai faɗin bit 512. Dabarar ta shige cikin komai ne har da laftof ɗinka.

Injiniya_Bashir: Nan kam Dakta zan ɗan saɓa miki. Bit 512 lamba takwas ne kacal a jere. Wannan layi ne na mutum takwas kafaɗa da kafaɗa, ba dogon layin dakin da kika kwatanta ba. Ni ba zan kira Fugaku injin bekta ba a ma'anar da Sadiq ke nufi.

Dakta_Hauwa: Na ji hujjarka Injiniya, amma dubi yadda aka ciyar da shi, memori mai faɗin hanya aka manna masa a jiki, tunanin su Cray ne sak. Kuma tunda an ambaci Fugaku ga abin da zai amfani Sadiq: a LINPACK ta ba da petaflop 442, petaflop ɗaya teraflop dubu ne, a gwajin HPCG kuwa 16. Inji ɗaya, bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, kuma da wannan 16 ɗin ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin. HPCG an fito da shi ne don ya matsa wa memori kamar yadda aikin gaske ke yi. Shi kansa Dongarra yana cikin waɗanda suka kawo shi.

Sadiq_Kawo: To yanzu kaina ya ɗau zafi gaskiya. In na samo gwaje-gwaje da yawa na kowane inji ba sai in tara in raba in samu matsakaici ba? Lamba ɗaya kowa ya huta

Baba_Fortran: A'a yarona, nan ne mutane da yawa suka zame. Ka tashi daga Kawo za ka Zariya, rabin hanya kana gudun 100, rabin kuma aikin titi ya tsare ka kana 10. In ka tara ka raba za ka ce 55 ka yi. Kama agogo ka gani, wajen 18 ne, domin kusan duk lokacinka a cikin cunkoson ya ƙare. Haka flop yake. Lokaci ake tarawa ba gudu ba. Madaukan Livermore da Frank McMahon ya haɗa, guda 24 da aka ciro daga shirye-shiryen gaske, a injin bekta za ka ga wani madauki yana tashi sama wani yana rarrafe saboda kowane mataki yana jiran amsar na bayansa, shi ya sa rahotonsu ba matsakaici ɗaya yake bayarwa ba. Dokar Amdahl ke nan tun 1967. A ce sashen jeri ya ninka na talaka gudu sau goma. In kashi 90 na shirinka ya zama jeri ribarka sau biyar da ɗan kai ce. In rabi ne ko sau biyu ba ka kai ba. STAR-100 na CDC abin da ya kayar da shi ke nan, jeri kamar walƙiya amma lissafin ɗaiɗai sanyi, ita kuwa Cray-1 ko ba jeri ta fi kowa gudu a zamaninta.

Musa_Barnawa: Baba wannan misalin na hanyar Zariya duk wanda ya bi ta lokacin aiki ya san gaskiya ne.

Sadiq_Kawo: Ga abin da zan yi in kun yarda. Zan raba ginshiƙai: shekara, yawan furosesa, lambar takarda, LINPACK na 100, na 1000, sannan hanyoyin memori. Inda ban samu lamba ba in bar wurin fayau. Jimlar nan ta Cray-2 ta fi SX-2 kuma zan cire ta. Amma fa in malam ya tambaye ni a difens wacce ta fi, me zan ce?

Ummi_Malali: Ka ce a furosesa ɗaya SX-2, kai tsaye.

Injiniya_Bashir: Amma in matsalar babba ce fa Ummi? Cray-2 memorinta kalma miliyan 256 ne, akwai aikin da ita kaɗai ke iya ɗaukarsa a lokacin. Wanda bai iya ɗaukar kayan ba ai ba a maganar gudunsa.

Ummi_Malali: Wannan girma ne Injiniya ba gudu ba, shi kuma gudu aka tambaye shi.

Dakta_Hauwa: Sadiq ƙara ginshiƙi ɗaya na inda ka samo kowace lamba da shekarar da aka auna, don kompaila tana gyaruwa, inji ɗaya lambarsa takan ƙaru bayan shekara biyu ba a taɓa ƙarfensa ba. In ka gama turo min in duba kafin malaminka ya dawo.

Zee_KD: Yaya Sadiq in ka gyara ka sa mana shi nan mu ma mu gani dan Allah

Abba_Rigasa: Na sa wayar a gaban fanka na sake gwadawa, ta ƙaru amma ba ta kai ta farko ba. Injiniya a ina zan ga ko bit 64 ne ko 32? Na duba saitin ban gani ba